Labaran Mai Shinshinar Salansa

Duk wanda ya sayi motar Beljiyam a Kawo a farkon shekarun 1990 ya san garejin Yaya Labaran, ko da bai san sunansa ba. Rumfar kwano ce a bayan tasha, gindin wani mangwaro da baƙin mai ya hana shi 'ya'ya. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba har na gama sakandare. Amma wannan bai hana ni faɗin gaskiya ba: ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba.

Lokacin sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, ma'aikata sun koma kan tsofaffin motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano, waɗanda ake kira Beljiyam. Motocin nan suna zuwa da tarkacen tace hayaƙi a jikin inji: ƙananan tiyo kamar hanjin kaza, wani famfo mai hura iska, da wata tukunya a jikin salansa mai ciki kamar saƙar zuma. A ƙasarsu suna aiki. A nan kuwa fetur ɗinmu bai shirya da su ba, balle na 'yan bumburutu. Kafin ka ankara tukunyar ta toshe, mota na nishi a kan gadar Kawo, 'yan acaɓa na wuce ta suna waiwaye. Sabuwar tukunya kuma ko kasuwar kayan mota ta Fanteka ka je sai dai a yi maka dariya.

Sai a kawo wa Yaya. Ya kwance salansa, ya zura rodi, ya yi ta daka kamar mai kirɓa sakwara har saƙar zuman ta zube gari, ƙurar na tashi a fuskarsa. Ya cire bel ɗin famfon, ya tsinke tiyo, ya toshe bakunansu da tsofaffin kusoshi. Abin da ya cire duk ya tattara a buhun siminti ya jefa wa mai mota a but, don ko noti ɗaya ba ya riƙewa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda yake saita kafireta, wato abin da ke gauraya wa inji mai da iska. In an tayar da inji sai ya zagaya baya, ya durƙusa kamar mai gaida surukai, ya kai hanci bakin salansa, ya lumshe ido ya shaƙa. Ya ce mai ya yi yawa. Ya koma gaba ya murɗa sukuru, ya dawo ya sake shaƙa. Haka zai yi ta safa da marwa har sai hancinsa ya gamsu. Masu mota kuwa suna zaune a benci suna yaba masa, wai hancin Labaran ya fi na'ura. Ba ƙirjinsu ba ne ai.

Ina aikin buga tafireta a wani ofis a Doka, in na tashi nakan biya ta wurinsa. Na sha gaya masa cewa abin da aka saka don tace hayaƙi ya fasa shi da hannunsa, sannan ya bi ɗanyen hayaƙin yana zuƙa kamar turaren wuta. Sai ya buɗe gwangwanin madara ya kwankwaɗe, don su kanikawa sun yi imani madara na wanke ƙirji.

“Safara'u, ke da kika yi boko,” in ji shi, “hancin nan don ado aka ba ni?”

Tari ya fara a hankali. Matarsa Talatu ta faɗa mini a ɓoye cewa a zaune yake barci, kuma in yana jan su salla ba ya kai ƙarshen Fatiha sai ya tsaya neman numfashi. Na yi masa faɗa, na haɗa shi da kawunmu na Rigasa, na yi fushi na daina biyawa. Abin da ya canza kawai shi ne madarar ta koma gwangwani biyu.

Ran da abin ya faru, motar Malam Sanda yake yi, wani dattijon akawu mai shirin ritaya. Ya fasa tukunya, ya mayar da salansa, ya durƙusa ya shaƙa, sai kawai ya kife, goshinsa ya bugi bamba. A cikin motar aka kai shi asibiti. Likita bai yi masa kwana-kwana ba, ya ce ko ya rabu da hayaƙi ko numfashi ya rabu da shi.

Ya dawo gida ya zauna a zaure. Na ce ya koma aiki mana, ya daina shinshinar kawai. Ya ce bakaniken da ba zai iya saita inji ba gara ya kasa goro, shi ba zai karɓi motar mutum ya mayar masa da ita da ƙiyasi ba. Tarin ya ragu, amma mutumin ya yi ta ƙanƙancewa. Ba ya tsokanar kowa, tuwo sai Talatu ta yi da gaske. In mota ta wuce ta layin sai ka ga hancinsa na motsi. Na samu yadda nake so, kuma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba.

Wata Asabar na biya gidan zan wuce suna, na yafa sabon farin mayafina. Sai ga Malam Sanda da motarsa, wai ya zo dubiya, amma bai kashe injin ba. Cikin gaisuwa ya sako zancen cewa tun ranar nan motar ke shan mai kamar rami, tunda ba a ƙarasa saitin ba. Kafin in yi magana Yaya ya miƙe ya nufi bayan mota. Na riga shi, na tsaya tsakaninsa da salansar.

“Wallahi Yaya, sai dai ka bi ta kaina.”

Malam Sanda ya riga ya koma cikin mota, bai san abin da ake ciki a baya ba, ya taka totur. Salansa ta feso wa gefen mayafina baƙi ƙirin. Na buɗe baki zan wanke dattijon nan tas, sai na ji an kama mayafin. Yaya ne, ya ƙura wa tabon ido, ya murza da yatsa.

“Busasshen baƙi ne,” ya ce. “Mai ya yi yawa. Ara mini nan, auta.”

Bai jira amsa ba ya zare shi daga kafaɗata, ya ɗaura a bakin sandar shanya. Ya murɗa sukuru, ya tsaya daga nesa ya miƙa wa salansa wuri mai tsabta, ya duba. Ya sake murɗawa, ya sake miƙawa. Tabon na raguwa, daga baƙi zuwa toka-toka, har ya zama da ƙyar ake gani. Mayafina ya koma kamar fatar damisa. Da mayafin Talatu na je sunan, wani kore mai ƙaurin daddawa.

Litinin ya buɗe gareji, da doguwar sanda da farin ƙyalle. In zai fasa tukunya yanzu sai ya zuba mata ruwa, ya ɗaure hanci da jiƙaƙƙen tsumma, wannan kuwa sai da muka kai ruwa rana kafin ya yarda. Masu benci suka yi ta yi masa shaƙiyanci wai Labaran ya koma ɗaga tutar sulhu. Ni kuma na zama mai bin teloli a kasuwa ina roƙon guntayen farin yadi, ni da takardar sakandare.

Tarin bai bar shi gaba ɗaya ba, amma yana kai Fatiha har da sura. Mayafina kuwa bai taɓa tayar da zancensa ba, yana nan rataye a ƙusa a rumfar. Har yau yana mitar cewa ƙyalle ba ya faɗin gaskiya kamar hanci. Wani lokacin in ya zaci ba na kallo, sai ya kai ƙyallen hanci ya ɗan shinshina da sauri. Nakan juya in yi kamar ina gyara ɗankwali.