Duwatsun da na shafa wa man riɗi

Shekarun baya, ɗiyata tana ajin ƙarshe a jami'a a Madani, tana karatun duwatsu, sai ta dawo gida, garinmu Suki, da buhu biyu. Mako uku ta yi a tsaunukan bayan Damazin tana tsintar su, kowane dutse da ledarsa da lambarsa. Ta ce hoton da aka ɗauko daga sama ne ya nuna musu inda za su duba, kuma a jami'a akwai na'urar da ke haska dutse da hasken da ido bai gani, ta faɗi abin da ke cikinsa. In babu sakamakon na'urar nan, babu takardar shahadar gama karatu a shekarar.

Ni da karatuna ya tsaya a allo, datti kawai na gani. Da ta tafi gaida gwaggonta, na ce ɗiyata ba ta kai wa manyan malamai kaya haka. Ko akuya za ka kai kasuwa, ai kana share ta. Na wanke su da sabulu, na shafa musu man riɗi har suna ƙyalli, na mai da kowane ledarsa, na ɗaure buhu. Washegari na raka ta, ina jiran yabo.

A ɗakin binciken, mai sanyi kamar cikin randa, malaminta ya buɗe leda ya shinshina. Ya sa dutsen a na'ura, ya daɗe yana duban layukan da suka fito, sannan ya juyo.

"Ya hajj, yau na fara ganin dutsen da za a iya cin dafaffen waken ful da shi."

Ɗiyata ta dubi ƙasa. "Baba, duka?"

Na ce duka.

Malamin ya ce hasken na'urar, fatar dutse kawai yake karantawa, amma ciki mai bai kai ba. Ya miƙo mini guduma ya ce in farfasa su, ya gargaɗe ni kada yatsana ya taɓa sabuwar fuskar. A gindin bishiya na zauna ina fasa dutse har la'asar, ɗalibai na wucewa suna yi mini sannu da aiki, sun ɗauka lebura ne. Na amsa, don ban fi haka ba.

Ta samu shahadarta. Tun daga ranar, in na ga abin da ban gane ba, hannuna nake sawa a aljihu in yi tambaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ta taɓa ba kowa labarin nan ba, ko mahaifiyarta. Ni ne bakina ya kasa riƙewa.