Sandar da Baba Yake Cizawa

Jiya na karɓo tsohuwar taraktarmu daga Gusau bayan an yi wa injin garambawul. Kafin in isa Furfuri ta fara bugu, ƙwas-ƙwas, ga ruwa ya sauka, gona na jira. Nan na tuna Baba, ƙanen mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Da kunnensa ya yi nauyi, da haƙori ya koma sauraron inji. Yakan dogara guntun sanda a jikin ƙarfen, ya ciji ɗaya bakin, ya rufe ido. Wata shekara taraktar ta yi irin wannan bugun. Ya daɗe a sunkuye, baƙin mai har gemunsa, sannan ya ce, "Wanga na bisa ne, ɗana, tafi nomanka. Bugun ƙasa shi ke kashe inji." Aka yi noma lafiya.

Yau na ɗauko sandar, sawun haƙoransa na nan. Na ciza, kaina ya ɗauki rawa, bakina ya cika da ɗacin mai. Na sama ne? Na ƙasa ne? Wallahi ban sani ba. In kashe taraktar, ko in shiga gona?

Allah ya kai haske kabarinka, Baba. Sandar ka bar mini, jin kuwa ka tafi da abinka.