Zakkar da Barira Ta Kai Sussuka

Duk wanda ya zauna a Gabi a shekarun da aka karya darajar sefa ya san Barira. Tsohuwa ce mai kaifin baki, ba ta barin ko ta kwana, amma ba a taɓa fita gidanta da yunwa ba. Gonarta kuwa abin tausayi, yashi zalla, ko akuya ba ta waiwayarta. Abin da ke riƙe gidan daga ƙetaren iyaka yake zuwa. Ɗanta Isa yana dako a Kano, duk motar da ta biyo ta garin Ɗan Issa na bakin iyaka da saƙonsa a ciki.

Maƙwabciyarta Ɗelu ita ce mai gonar da kowa ke tsayawa kallo. Abin da mutane suka manta shi ne, kafin mijinta ya rasu ya jinginar da gonar ga wani ɗan kasuwar Jibiya. Hatsin a ƙasar Gabi ya fito, a Najeriya aka ci shi.

Kaka ta yi, manoma suka fara fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma. Da yake ido gona yake kallo, sai aka yi ta jibge dammuna a ƙofar Barira, aka wuce Ɗelu da marayunta. Ita kuwa Ɗelu, kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ba ko da za su kwana da ruwa.

Ran Barira ya ɓaci ƙwarai. Ta so ta fita ta wanke mutanen gari tas, sai ta tuna yin haka tona asirin Ɗelu ne. Wannan karon dai ta haɗiye maganarta, abin da ba ta saba ba. Ta ari jaki, ta sa aka kwashe dammunan zuwa gidan Ɗelu.

"Yaya Barira, mi za ni yi da wanga hatsi? Ni ban roƙi kowa ba," in ji Ɗelu, idonta a ƙasa.

"Wa ya ce ba ki na yi? Bayana ka ciwo. Sussuka za ki taya ni, ki aje mini shi nan, rumbuna ya lalace. In na tashi ina aikowa."

Ɗelu ta sussuke, ta sheƙe, ta adana. Barira ta ƙara shekaru a duniya, kullum suna gaisawa ta kan danga, har ta koma ga Allah ba ta aiko ba.