Ɗan Fari a Ɗakin Likitar Gazawa

Ɗana na fari bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Haka na taras ana yi a gidanmu: uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, kakarsa ke rainonsa. Ni da na yi shekaru ina koyarwa a lakol, ina yi wa iyayen yara surutu kan tarbiyya, ban taɓa ganin aibin wannan ba. In zan yi maganarsa, sai in ce "wancan".

Ya girma, ya yi aure, ya shiga kabu-kabu da moto tsakanin Gazawa da bakin iyaka. Can ya koyi shan tramol, wai don kada ya gaji. Ƙwayar ta cinye shi. Ya rame, yana magana shi kaɗai, sau biyu yana faɗuwa da moto yana kumfar baki. Kawunansa suka ce a kai shi gidan mari a sa masa ƙarfe, amma matarsa ta ƙi, ta ja shi likita, wato asibiti.

A likitar akwai wata mata mai sauraron masu irin wannan ciwo. Ba ta yin allura, ba ta faɗa. Tabarma take shimfiɗawa, ta zauna ƙasa tare da mutum, ta bar shi ya yi ta magana. Wata biyu yana zuwa wurinta kowace ranar kasuwa, har ya fara cin tuwo sosai.

Sai ta aiko kirana. Na je raina a ɓace, don na zaci laifi za a ɗora mani.

Ta ce, "Inna, ba laifin kowa nake nema ba. Na tambaye shi shi wane ne in an cire moto da ƙwaya, ya ce bai sani ba, ko uwarsa ba ta san shi ba. Ku zo ku zauna da shi sau ɗaya, ku kira shi."

Na ce, "Ɗiyata, ke ba a haife ki a gida ba ne? In kira shi da wane bakin?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce ita ma ƴar fari ce, ta san nauyin abin, kuma ƙofarta a buɗe take.

Ranar kasuwa na je, har na kai bakin ɗakin, ina jin muryarsa ciki. Wata maƙwabciyarmu na zaune a layin awon ciki, ta zuba mani ido. Wallahi idon wannan mata kawai ya mayar da ni. Na miƙa furar da na riƙo a kai masa, na juya. Ya hango bayana ta taga.

Bai koma wurin matar nan ta likita ba. Da aka gama girbi ya tsallaka Najeriya, aka yi damina uku ba labari.

Bara, da hantsi, ina tsince wake, wayata ta yi ƙara da lambar Najeriya. Na ɗauka, na ji an ce, "Inna, ni ne." Muryar ta dushe, amma na gane ta. Ban yi tunani ba, hannuna ya yi abin da ya saba, na miƙa wa ƙanwarsa da ke zaune kusa da ni wayar na ce, "Ga wancan." Kafin ta kai kunne ya kashe.

Na kira lambar har na daina ƙirgawa. Ba ta shiga.