Malam Almu Ruwan Godiya da Tabarmar Muhawara

Haihuwa da asali

An haifi Malam Almu a garin Ruwan Godiya, cikin ƙasar Faskari, a shekarar 1916 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1334 Hijiriyya. Mahaifinsa shi ne Malam Lawwali, manomin dawa da auduga, wanda kuma yake limancin masallacin unguwarsu. Mahaifiyarsa Suwaibatu 'yar mutanen 'Yankara ce. Shi ne na biyu a ɗakinsu, yana bin Hajaratu, wadda daga baya kowa ya sani da Goggo, kuma daga bakinta aka samo mafi yawan abin da ke cikin wannan tarihi. Ta ce tun yana ƙarami ba a gaya masa magana ya bar ta haka. In an ce ya kai wa jaki ruwa, sai ya nemi dalilin da zai hana jakin zuwa rafi da ƙafarsa. Saboda wannan hali mahaifiyarsa ta laƙaba masa Aku.

Karatu

Ya fara karatun allo a gaban mahaifinsa. A shekarar 1926, da aka umarci dagatai kowa ya ba da yaro don makarantar elementare, dattawan Ruwan Godiya ba su yi doguwar shawara ba. Dagaci ya ce, "Ku ba su ɗan Liman. In magana ce za su koya mashi, shi zai koya masu, mu kuwa kunnuwanmu su huta."

A shekarar 1930 ya samu shiga makarantar Midil a Katsina, a can kuma ya tarar da ƙungiyar muhawara, inda ake ba da batu, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa goyon baya ya goya, wanda ta faɗa wa suka ya soka, ko da ba haka ra'ayinsa yake ba. Ranar da aka fara tsayar da shi, da wani ɗan ajin ƙarshe aka haɗa shi, wanda ya girme shi nesa. Duk surutun Almu, an tarbiyyantar da shi kan cewa ba a duban babba a fuska, don haka ya sunkuyar da kai ya zuba hujjojinsa gaba ɗaya ga yatsun ƙafarsa. Na baya ba su ji ba, alƙalai ba su ji ba, aka kada shi. Malamin ƙungiyar ya ce masa hujja tana gare shi, ido ne babu. Wannan magana ta zauna masa, ya yi ta fama da kansa, har kafin ya gama makarantar ya zama shi ne ake sa wa gaba duk ranar da aka yi baƙi. Bayan nan ya samu horon malanta, ya fito da shaida a ƙarshen 1935.

Aiki a Ƙanƙara da asalin tabarma

Hukumar En'e ta tura shi Ƙanƙara a farkon 1936. Ba da jimawa ba ya ware yammacin kowace Alhamis don koya wa 'yan aji huɗu muhawara, da batutuwa irin na gida: manomi da makiyayi wa ya fi amfani, jaki ko keke, damina ko rani. Yara suka so abin ƙwarai, amma iyaye ba su so ba. Wani yaro ya koma gida ya ce wa ubansa a gaban baƙi, "Ban yarda ba, kawo hujja," kan maganar lokacin shukar gyaɗa. Kashegari dattawa suka zo makaranta suka ce ko a daina, ko su ɗebe 'ya'yansu, domin ba su aiko su koyon tsaurin ido ba.

Malam Almu ya nemi su ba shi zuwa Alhamis. Ranar kasuwa ya sayi doguwar tabarmar kaba mai jan baki, ya gayyaci dattawan, ya shimfiɗa ta a gindin ɗorawar makaranta, ya bayyana ƙa'idarsa. Duk wanda ya hau tabarmar nan yana da izinin duban kowa a ido ya musa masa da hujja, ko malaminsa ne. Da zarar ya sauka, zai durƙusa ya gaida wanda ya kara da shi, ladabi kuma ya koma wurinsa. Ya hau da kansa ya kara da wani ɗan yaro, yaron ya dube shi ya ƙaryata shi sau da yawa, suka sauka, yaron ya zube ya yi gaisuwa. Babba daga cikin dattawan ya ce, "To Malam, in dai rashin kunyar a kan tabarma za ta tsaya, mun yarda. Amma in sun gama ka naɗe ta da kyau, kada wani ya biyo mu da ita gida." Tun daga ranar, duk inda aka yi masa canjin aiki, tabarmar tana ɗaure a bayan kekensa.

Aure da 'ya'ya

A shekarar 1938 ya auri Saudatu, 'yar wani majemi a Ƙanƙara, ita ce kuma kaɗai matar da ya zauna da ita har rasuwarsa. A 1940 Allah ya ba su ɗan fari, aka raɗa masa suna Maharazu. Malam Almu ya riƙe kunyar ɗan fari kamar yadda ya ga iyayensa sun riƙe, har ma ya ɗara: bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai kuma ambaci sunansa ba. Da aka yaye shi aka kai shi Faskari wajen Goggo Hajaratu, wadda ba ta samu haihuwa ba, daga nan uban ba ya ce masa komai sai "yaron Yaya."

Faskari

A 1947 aka mai da shi Faskari, ya tarar da yaron ya isa shiga makaranta, ƙaddara kuma ta sa shi a hannunsa. Mai wannan rubutu ya zauna a ajin shekara biyu kafin ya bar makaranta ya bi motocin auduga, kuma ya shaida cewa in Malam yana kiran suna da safe ya iso kan na Maharazu, sai ya yi gyaran murya kawai, yaron ya amsa daga baya, aji ya danne dariya. Ba a taɓa ganin ya buge shi ba, ba a kuma taɓa ganin ya yabe shi ba. Kowane yaro ya hau tabarma a Faskari, har masu in'ina, waɗanda Malam yake haƙuri da su ƙwarai, yana cewa a bar su su iso, ba mota suke jira ba. Maharazu kaɗai ne bai hau ba, domin uban ba zai kira shi ba, shi kuma ba zai miƙe a gabansa ba.

Sai dai yaron yana sauraro. In ya koma gida yakan maimaita wa Goggo batun ranar, ita kuma tana kaɗi tana musa masa komai, ko ya ce rana daga gabas take fitowa sai ta ce ya kawo shaida. A haka ya ƙware ba tare da uban ya taɓa jin muhawararsa ba.

Sabuwa da gasar 1957

A 1953 aka ɗaga shi zuwa hedimasta aka tura shi Sabuwa, ƙasar daji da wuyar hanya, inda da damina mota ba ta shiga. A wannan lokaci ɗalibansa da suka wuce sakandare a Katsina sun yi suna wajen magana a gaban jama'a, har ana ce musu yaran tabarma. A 1954 Maharazu ya bi sahunsu, kuma labari ya riƙa zuwa Sabuwa cewa babu wanda ke tsayawa gabansa, da Hausa ko da Turanci. In an kawo wa Malam labarin sai ya ce, "Yaya ta yi ƙoƙari," ya canza magana.

A ƙarshen 1957 sakandaren Katsina ta gayyaci Malam Almu zuwa gasar muhawara ta shekara, a matsayin tsohon gwani. Maharazu ne ke jagorantar ɓangare ɗaya a zagayen ƙarshe, bai kuwa san uban zai zo ba. Malam ya tuka keke zuwa Funtuwa, ya hau mota, ya isa ana gab da farawa, aka girmama shi da kujera a sahun gaba, daidai inda mai magana yake fuskanta. Batun shi ne, wai ɗan manomi da ya yi boko ya kamata ya koma gona, Maharazu kuma yana goyon baya. Ya miƙe, ya gaida alƙalai da murya garau, ya juyo ga jama'a, sai ga mahaifinsa. Nan take ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kamar yadda ya saba tun yana ɗan yaye. Ɗalibai suka fashe da dariya. Ya miƙe, amma kai bai ɗagu ba, ya yi ta magana da ƙasa har aka kaɗa masa ƙararrawa, ɓangarensa ya sha kaye. Shekara ɗaya ta rage masa a makarantar, ya kuma gaya wa abokansa ya bar muhawara ke nan.

Malam Almu bai nemi ganinsa ba. A hanyar komawa ya biya Faskari ya ce wa yayarsa, "Yaya, na ba ɗiyan mutane ido, yaronki ban ba shi ba." Ta ce, "Sai yau ka sani, Aku?"

Ranar da ya kira sunan

Da dogon hutun 1958 Goggo ta zo Sabuwa tare da Maharazu. Wata safiya bayan karin kumallo Malam ya shigo da tabarmar a kafaɗa, abin da bai taɓa yi ba, ya shimfiɗa ta a tsakar gida, ya tuɓe takalmi ya hau. Sa'an nan ya ɗaga murya ya ce, "Maharazu!"

Saudatu ta saki taɓarya ta shige ɗaki. Goggo ta yi salati ta ce, "Almu, lafiyarka kuwa?" Ya ce, "Yaya, dubi inda nake tsaye." Yaron ya fito ya durƙusa, uban ya ce masa ba a nan ake durƙuso ba, ya hawo. Ya ba shi batun da aka kada shi a kai, shi kuma ya ɗauki suka, ya naɗa Goggo alƙali.

Maharazu ya fara da kai a ƙasa. Uban ya ce, "Da tururuwa kake muhawara? Ni ne abokin karawarka, ga ni nan sama." Ya shiga sukarsa ba sassauci, yana cewa wanda ya iya alƙalami ya koma fartanya ya yi asarar tawadar En'e, kuma hannun ɗan sakandare ko makwancin kaza ba zai iya nomawa ba. Ƙanne suka yi dariya. A nan yaron ya ɗago, ya dubi ubansa a ido karo na farko a rayuwarsa, ya ce, "Ban yarda ba. Mai wannan magana hedimasta ne, kuma jiya da yamma na gan shi yana huɗar dawa a bayan makaranta. Ko dai ya bar gonar, ko ya bar hujjar." Goggo ta rangaɗa guɗa tun ba a gama ba. Suka ci gaba har rana ta ɗaga, maƙwabta suna leƙe ta kan danga, daga ƙarshe ta yanke hukunci: "Ɗana ya kada ka, sauka."

Suka sauka. Maharazu ya durƙusa ya yi gaisuwa. Malam ya naɗe tabarmar, ya dubi yayarsa ya ce, "Yaya, ki ce wa yaron nan ya rage sauri in ya zo kan hujja ta biyu."

A ƙarshen shekarar ya sake tafiya Katsina, ya kuma nemi kujerar da ya zauna bara. Maharazu ya miƙe, ya dubi alƙalai, ya dubi jama'a, ya dubi mahaifinsa, ya yi maganarsa har ƙarshe, aka ba shi kofin shekara. Wani baƙo da ke kusa ya tambayi Malam ko ya san ɗan wane ne. Ya ce, "Yaron wata tsohuwa ne a Faskari. Ba laifi." Wanda ya ba da labarin ya ce Malam ya daɗe yana gyaran rawaninsa, alhali rawanin bai karkace ba.

Rasuwa

Da daminar 1959 ciwon ƙirji ya kama shi, hanya kuma ta yanke, ba a samu damar kai shi asibiti ba. Ya yi jinya a gidansa, Alhamis ta ƙarshe ma ya sa aka tara yara a ƙofar ɗakinsa yana saurarensu daga kwance, har ya tsawata wa wani da ya sauka tabarma bai gaida abokin karawarsa ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata da hantsi, cikin watan Safar na 1379, wato Agusta 1959, yana da shekara arba'in da uku. Limamin Sabuwa ya sallace shi bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar gabas da gari, da halartar dagaci, da malamai, da tsofaffin ɗalibansa waɗanda suka tako da ƙafa daga ƙauyukan kewaye. Tabarmar tana nan a makarantar Sabuwa, ta sha ɗinki, ana shimfiɗa ta kowace Alhamis.

Ya bar matarsa Saudatu, da yayarsa Goggo Hajaratu, da 'ya'ya biyar: Mamuda, wanda yake goye, da Barakatu, da Sha'ibu, da Khadijatu, wadda ke aure a 'Yankara, da babbansu Maharazu, wanda yanzu yake koyon malanta, wanda kuma sau ɗaya tak aka ji mahaifinsa ya kira sunansa. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa, ya albarkaci bayansa.