Wuyan Tulun Inna

Shekara biyu bayan ƙaddamar da Shari'a a jiharmu aka tura ni kwas ɗin koyarwa Ingila. Wata Lahadi mai masaukina ya kai ni ƙauyensu. A harabar cocinsu na ga kaburburan dutse jere, gansakuka ta rufe wasu, amma sunayen na nan raɗau. Ga wata tsohuwa durƙushe da buroshi tana wanke ɗaya. Na tambaya, aka ce na kakan kakanta ne.

Wallahi kunya ce ta kama ni. Inna, mahaifiyata, shekararta huɗu kacal da rasuwa a ƙauyenmu na wajen Baure, amma da za a ce in nuna kabarinta, sai dai in yi kame-kame.

Ina dawowa na tari Yaya, babban wanmu, malamin zaure, da maganar. Na ce gini zan yi a kabarin Inna, in rubuta sunanta.

"Daga zuwa Turai sai ka dawo mana da bidi'a?" in ji Yaya. "Ba gini, ba rubutu."

Ni kuma akwai ni da kafiya, ban musa ba. Kullum bayan la'asar ina zaurensa. A rana ta bakwai ya gaji da ganina, ya ce dutse ɗaya tak, marar rubutu, don shaida. Washegari na je garin Dutsi na ɗauro wani baƙin dutse a bayan babur.

A maƙabarta aka yi ta. Mu alamarmu fasasshen tulu ce ko kasko, a kafa wajen kai. To damina huɗu ta baje tudun ƙasar, ga wuyan tuluna birjik, duk iri ɗaya. Yaya ya nuna wani kusa da aduwa, ya ce nan yake tsayawa duk Juma'a. Na ce a'a, na tuna mun fi nisa da itacen. Ya ce ni da ko ziyara ba na zuwa, me na sani? Ta yi mini zafi, don gaskiya ce.

Abu ɗaya na riƙe. Inna takan shafa wa wuyan tulunta shuɗin fenti don kada ya cakuɗe da na mata a bakin rijiya, kuma nata tulun muka fasa ranar jana'iza. Na ajiye dutsen a bakin shinge, na ce ba zan kafa shi a kan zato ba.

Kwana uku ina bin kaburbura ɗaya bayan ɗaya, in yi sallama, in share yashin da ke wuyan tulu da yatsa, in mayar, in wuce. Masu wucewa gona har sun fara cewa ɗan boko ya taɓu. Ko a jikina.

Rana ta uku da hantsi shuɗin ya bayyana ƙarƙashin babban yatsana, layi biyu gabas da aduwar. Na zauna daɓas a ƙasa na yi kuka.

Da na kira Yaya, ya daɗe yana kallon fentin. Ya waiwaya ya dubi wancan kabarin da ya shekara huɗu yana yi wa addu'a.

"Shi ma yana da nasa rabon," ya ce a hankali. "Allah ya kai masa ladan."

Na juya zan ɗauko dutsen, ya riƙe mini hannu. Ya cire hularsa ya miƙo mini, ya je bakin shinge ya ɗora dutsen a kansa, ya kawo wa Inna da kansa.