Bututun Verna

Duk wanda ya san Delbert Hauck a garinmu ya san shi da abu biyu, gyaran famfon rijiya da ɗura harsashi. Na farkon shi ya ciyar da iyalinsa har bayansa ya ƙi sunkuyawa ya ajiye aiki. Na biyun kuwa shi ya cinye masa gareji, motarsa ma a waje take kwana cikin dusar ƙanƙara.

A nan jiharmu ta Wayomin ba abin magana ba ne mutum ya ƙi sayen harsashin kanti. Ka harba, ka tsince kwansonka, ka kai gida ka wanke, ka sake masa hula da albarushi da dalma, ya koma sabo. Delbert tun yana saurayi yake yi, da wani inji mai hannu da ya ɗaure a kan benci. Mutum ne ƙato, mai ƙarancin magana, mai taurin kan tsiya. In ya ce harsashinsa ya fi na kamfani, to ka ce masa haka ne ku rabu lafiya.

Sai dai akwai aiki ɗaya da ya gagare shi, cika bututu. Hular nan, ɗan ƙarfen da ke gindin harsashi wanda allurar bindiga ke doka ya ba da wuta, ba ta kai ƙwayar wake ba. Injin kuma ba ya karɓar ta sai an jero ta cikin wani siririn bututu, ɗaya bisa ɗaya, duk fuskarsu wuri guda. Yatsun Delbert kuwa kamar rogo suke. A farkon aurensu da Verna ya taɓa kifar da kwali guda a tsakar ɗaki, ya tsince abin da ya gani ya yi shiru da bakinsa. Washegari Verna na shara da injin zuƙar ƙura, injin ya haɗiye guda, ta fashe a cikinsa. Karensu sai da ya kwana biyu bai shigo gidan ba.

"Daga yau kada ka ƙara taɓa min abin nan," in ji Verna. "Kawo nan, gwanin ɓarna."

Tun daga ranar aikin ya zama nata. Ita ba ta taɓa son ƙarar bindiga ba, filin harbi ma sai an yi da gaske take zuwa, ta zauna cikin mota ta rufe gilashi. Amma da yamma in ta dawo daga makarantar da take dafa wa yara abinci, sai ta share teburin kicin ta sa tabaran kariya, ta zazzage hulunan a ɗan faranti mai tsaga-tsaga. Ta girgiza shi a hankali har kowace ta kwanta iri ɗaya, ta rufe da murfi ta kifa, ta buɗe, sai ga su duk sun juyo da gefensu mai santsi suna ƙyalli. Sannan ta ɗauki bututu ta bi su ɗaya-ɗaya, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar kaza na tsince hatsi. Daga gareji Delbert yake jin ƙarar, ya san gidansa lafiya.

Maza a ƙungiyar harbi ba su da hirar da ta wuce ta yadda za a guje wa wannan aiki. Merle Ostrander, abokin Delbert tun suna yara, ya sayo wata na'ura mai karkarwa da aka ce tana cika bututu da kanta. Wani kuma ya ɗaure burushin haƙori mai batir a jikin farantinsa. Merle ya kawo tasa gidan don ya burge, ta yi ta zirrr tana kifar da hula a cikin bututu.

"Merle, wannan abar taka sanyi take ji?" in ji Verna. "Ko in ba ta bargo?"

"Haba Verna, ci gaba ne."

"To ka ci gaba da ita zuwa gidanka, tana tsorata min kyanwa."

Delbert ya yi dariya har da hawaye. Shekara arba'in da wani abu, bai taɓa samun hula a kife daga hannun matarsa ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji wannan labari.

Ciwon mantuwa bai shigo mata da hayaniya ba. Wata Talata ta ci ado ta tuka mota zuwa coci a zatonta Lahadi ce, ta zauna ita kaɗai tana jiran a fara, har mai shara ya bugo wa Delbert waya. Daga baya ta fara tambayar mahaifiyarta da ta daɗe a kabari. Ta ƙona tukunya, ta ƙona wata, Delbert ya karɓi girki, suka koma cin waken gwangwani da ƙwai. Wata rana ta dube shi a bakin ƙofa ta ce, "Malam, maigidan ba ya nan." Ya fita bayan gida ya tsaya gaban itacen da ya faskara, ya rasa abin da ya kawo shi.

Amma da yamma ta yi, in ya ajiye mata faranti da bututu, sai hannun ya tuna abin da kai ya manta. Ta gyara zama, ta sa tabarau, ta girgiza, ta kifa. Wani lokaci har ta ɗago ta harare shi ta ce, "Tsoho, ka tsaya min a haske." Saboda wannan harara kaɗai yake iya jure sauran yinin.

'Yarsu guda ce, Ronda, tana aure a birni. Ta samo wa uwar gurbi a gidan kula da tsofaffi, mai tsabta, kusa da ita. Duk zuwan da za ta yi sai ta tayar da maganar.

"Baba, ba za ka iya kai kaɗai ba. Dubi yadda ka rame."

"Macen da ke cika bututu ba kuskure, ita za ki kai a riƙa ba ta abinci a baki? Je ki gwada ki cika guda mu gani."

"Baba, ba maganar bututu ake ba."

"Maganarsa ake. Ranar da ta kasa, sai ki zo mu yi zance."

Ya faɗa ne don ya kashe bakinta, bai san ya ɗaure kansa ba. Duk hujjarsa ta riƙe matarsa a gida ya rataye ta a kan siririn ƙarfen nan. Kuma in za a faɗi gaskiya, ba don Verna kaɗai yake yi ba. Tsoro yake ji ƙwarai, tsoron gidan da ba ƙwas-ƙwas a cikinsa.

Wata Asabar a filin harbi, layi ya zo kansa. Ya ɗaga bindiga ya saita farantin ƙarfe, ya ja kunama, sai ta ce ƙyat, ba wuta. Ya jira, ya fitar da harsashin ya faɗi ƙasa. Merle ya riga shi ɗauka, ya juya gindinsa, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Jama'a ku zo ku ga abin tarihi! Hular Delbert Hauck a kife! Ina mai cewa na'urata ce kawai ke..."

Bai ƙarasa ba. Ya tuna wa ke cika bututun, ya tuna halin da take ciki, dariyar ta mutu a fuskarsa. Sauran mazan kowa ya shiga duba takalminsa.

"Ni na cika wannan," in ji Delbert. "Idona ne ya fara tafiya."

"E mana," in ji Merle. "Dama ai kai makaho ne tun muna firamare."

Ba wanda ya yi dariya. Da ya koma gida ya zazzage sauran harsasan a kan benci ya bi su ɗaya-ɗaya, ya sami wasu a kife, ba guda ba, ba biyu ba. Ya zuba su a aljihun tebur, bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa zai riƙa dubawa a bayanta, shi ke nan. Taurin kai ya ci gaba da aikinsa.

Ranar Lahadi Ronda ta zo da naman gashi. Suna tsaye a waje ita da uban suna sauke kaya daga mota, sai suka ji bugu daga kicin, ba irin wanda suka saba ji ba. Suka shiga suka tarar wata hula ta gicciye a bakin bututu ta maƙale, Verna kuma ta riƙe shi cike taf tana ƙwala shi a gefen tebur, tabaran yana ajiye can gefe. Duk wanda ya taso a gidan masu ɗuri ya san in guda ta tashi a cikin bututu, duk sai sun tashi tare, a hannun wanda ya riƙe. Delbert bai san sa'ad da ya tsallake kujera ya kama wuyan hannunta ba.

"Sake ni! Wane ne kai?" ta yi ƙara. Ya zare bututun a hankali. Yatsunsa suka bar mata shaida a fata.

A baranda Ronda ta tare shi, tana kuka tana magana ƙasa-ƙasa don kada uwar ta ji.

"Kai ka ce ranar da ta kasa. To ga ranar. So kake sai ta rasa ido?"

"Kuskure ne. Kowa na yi."

"Mama ba ta yi. Kai ka rene ni da wannan maganar." Ta share fuska. "Ba zan sa hannu a ɗauke ta da ƙarfi ba, Baba. Amma wallahi in na ƙara ganin hula mai rai a gabanta, zan yi."

Kwana biyu bai ba Verna faranti ba. Da yamma sai ta share tebur ta zauna, ta ɗora hannuwa tana jira, ba ta san me take jira ba. Ta tashi ta buɗe durowa ta rufe, ta koma ta zauna. Ganin haka ya fi masa komai ciwo.

Merle ne ya kawo dabara, suna shan gahawa a cikin a-kori-kurarsa.

"Ba kana da matattu ba? Waɗanda aka riga aka harba. Ai gwangwani guda ne a ƙarƙashin bencinka. Ba ta su ta yi ta tsinta, ko da guduma ta doke su ba abin da zai faru."

"Duk a lotse suke, Merle. Allura ta bar musu rami a tsakiya."

"Mutumina, matar da ba ta gane ka ba ce za ta gane rami?"

Maganar ta soke shi, amma ya ɗauka. Ya wanke matattun hulunan da sabulu, ya goge su har suka yi ƙyalli, ya jera su cikin kwalin sababbi. Dabarar kuwa ta ci. Verna ta girgiza, ta kifa, ta bi su ƙwas, ƙwas, ta miƙa masa bututu, ya karɓa ya ce sannu da aiki. Ya shiga gareji ya zazzage su ya mayar cikin kwali don gobe. Na gaske kuma ya riƙa cikawa da kansa a ɓoye, da yatsun nan nasa, yana zagi. Ronda ta ji labari, ba ta ƙara tayar da maganar gidan tsofaffi ba. Aka yi makonni a haka, har Delbert ya fara jin ya ci nasara.

Ciwon nan yana da wata mugunta, yakan saki mutum na ɗan lokaci. Wata yamma Verna ta tashi daga barci garau. Ta kira shi Del, sunan da ya kwana biyu bai ji ba. Ta ce gashinsa ya yi yawa, ta tambayi yaran Ronda kowa da sunansa. Murna ta sa shi rawar jiki, ya kawo mata faranti da wuri, ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

Ta sa tabarau, ta girgiza, ta rufe, ta kifa, ta buɗe. Ta ɗauki bututu, sai ta tsaya. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki hula guda ta kai ta wajen taga, ta shafa ramin da farce.

"Del, waɗannan an harba su."

"Ƙila kamfani ne suka..."

"Kada ka yi min ƙarya a kicin ɗina." Ba faɗa a muryarta. "Tun yaushe?"

Ya ce, "An ɗan jima."

"Na kifar ne?"

Ya ɗaga kai alamar e.

"Na ji wa wani?"

"A'a. Ba ki ji wa kowa ba."

Ta dubi wuyan hannunta, ko da yake shaidar ta daɗe da gogewa. Sannan ta cire tabaran ta ninke, ta mayar da murfin faranti, ta tura masa su tare da bututun har gabansa.

"Ka yi ta zama kana kallona ina wasan yara," ta ce. "Kana ce min sannu da aiki."

"Verna, so nake ki zauna a gida."

"Na sani, tsoho." Ta dafa bayan hannunsa. "Kira min Ronda yanzu, tun ina nan. Anjima ban san wa za ka tarar ba."

Ya so ya yi gardama, shi da bai taɓa rasa ta ba. Ya dube ta ya ga idonta tar a kansa, ita ce sosai, matar da ya yi wata da watanni yana roƙon Allah ya dawo masa da ita ko na yini guda. Ya tashi ya ɗauko waya, ya danna lambar da kansa ya miƙa mata. Yana tsaye ya ji ta ce, "Ronda, ni ce. Ɗakin nan na gidan tsofaffi da kika ce, yana nan har yanzu?"